Kilo 33 a Bayan Keke: Daga Jos Zuwa Gindin Hawan Kibo

Tun kafin a kira sallar asuba na gama ɗaure kayana a bayan keke, kuma da na ja da baya na dube su sai na ji daɗi ƙwarai, domin a ganina babu wata larura da za ta same mu a hanya wadda ban yi mata tanadi ba. Ƙanina, wanda shi ne abokin tafiyar, ya fito daga ɗakinsa da 'yar jaka guda da gorar ruwa biyu, ya tsaya ya ƙare wa kekena kallo, sannan ya ce, "Yaya, ƙaura za mu yi ne, ko kuwa tafiyar kwana uku ce kamar yadda muka shirya?" Na amsa masa da cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma idan dare ya yi mana a daji zai san amfanin yayansa.

Shirin da muka yi shi ne mu tashi daga Jos a tsakiyar watan Disamba, mu bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a mu kwana a wajen Riyom, washegari mu gangara Hawan Kibo mu ga ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, mu sake kwana, sannan mu hauro gida. Ana jibi za mu tashi, ƙanin nawa ya matsa mini lamba muka kai kayan wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a unguwarmu, aka rataya su ɗaya bayan ɗaya a sikelinsu, ni kuma ina rubutawa a ɗan littafi. Tantin gwanjo mai ɗaukar mutum huɗu da na saya a kasuwar Katako ya ba da kilo huɗu da rabi. Ƙaramar tukunyar gas, cike, haɗe da murhunta, kilo bakwai. Jarkar ruwa mai lita shida kilo shida ce, tunda kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya take yi. Abinci, wato shinkafa da taliya da mai da gwangwanayen kifi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, kilo biyar. Tufafi kilo huɗu. Bargo kilo biyu da rabi. Shimfiɗar roba da dadduma kilo ɗaya. Kayan gyara kilo biyu. Tocila da batirin cajin waya da littattafai biyu da ban buɗe ko ɗaya ba har muka dawo, su ma kilo ɗaya. Jimilla kilo 33. Keken kansa kilo 16 ne, ni kuma 74, saboda haka abin da ƙafafuna za su tura ya kai kilo 123. Kayan ƙanina gaba ɗaya, har da ruwansa, kilo tara ne.

Akwai wani abu da na gani a ranar amma na kawar da kai. A jikin kariyar keken, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, kusa da inda ake ɗaura ta da noti, masu ƙera ta sun buga rubutu cewa iyakar abin da za ta ɗauka kilo 25 ne. Na ce a raina ai Turawa sun saba rage lissafi don gudun ƙorafi, kuma tun muna yara muke ganin tsofaffi suna ɗora buhun masara a kan Raleigh ba tare da wani abu ya faru ba.

Daga gida zuwa Bukuru ban ji wani nauyin a-zo-a-gani ba, har na fara yi wa ƙanina gori. Dalilin kuwa na gane shi ne daga baya: a hanya miƙaƙƙiya mai kwalta, da zarar keke ya ɗauki gudu, abin da mahayi yake fama da shi galibi iska ce, nauyi kuwa a wurin tashi da tsayawa kawai yake bayyana. Abin da ya fara damuna shi ne kan keken. Saboda na jibge komai a baya, kuma na ɗora tukunyar gas a can sama bisa tanti, tayar gaba ta zama kamar ba ta taɓa ƙasa sosai. Idan na saki hannu ɗaya don in sha ruwa sai kan ya riƙa rawa, idan babbar mota ta wuce ta watso iska sai in ji keken yana neman kwantawa, kuma duk lokacin da na tsaya sai na kafa ƙafafu biyu na riƙe shi da ƙarfi kamar mai riƙon ɗan maraƙi. A cikin cunkoson Bukuru, tsakanin 'yan adaidaita da masu tallan rake, sau biyu na kusa zubewa a kwata.

Mun wuce tsofaffin kududdufan haƙar kuza da tarin jar ƙasar da ke gefensu, muka doshi Mararrabar Jama'a, inda hanya ke rabuwa: ɗaya ta nufi Heipang da Barikin Ladi da Mangu har Pankshin, ɗaya kuma ta nufi Riyom da Akwanga har Abuja. Muna dab da mararrabar na faɗa wani rami da ban hango ba saboda wata mota ta tare mini gani. Na ji ƙara sau biyu daga baya, siririya kamar an tsinke tsirkiyar garaya, nan take kuma wilin baya ya fara goga robar birki a kowane juyi. Sifok biyu ne suka tsinke, wato siraran wayoyin ƙarfe da ke riƙe wili, dukansu a ɓangaren sarƙa, inda dama can ya fi ɗaurewa da ɗaukar wahala.

Kaya dai ya tsinke a gindin kaba, domin ba mu yi tafiyar minti biyar muna turawa ba sai ga wani dattijo mai gyaran keke a ƙarƙashin bishiya, da famfonsa da kwanon ruwan gwada tub da gwangwanin sholisho. Bayan mun gaisa ya ce a sauke kayan, kuma kafin mu kwance robar ɗaurin ya kama sirdin ya yi ƙoƙarin ɗaga bayan keken, ya kasa, ya sake shi yana girgiza kai.

"Yaro, wa ka yi wa laifi aka ɗora maka wannan?"

"Baba, ni na ɗora wa kaina. Kwana uku za mu yi a hanya."

"To ai ba a daji za ku bi ba. Daga nan har Akwanga babu inda za ka yi tafiyar awa guda ba ka ga mai shayi ko mai ƙosai ba."

Na kawo masa maganar tsofaffi da buhun masara a kan Raleigh. Ya yi dariya, ya ce shi ma ya yi wannan dakon shekara da shekaru, amma in tuna abu uku: sifok ɗin waɗancan kekuna masu kauri ne, tafiyar daga gona ce zuwa kasuwa ba ta kwana da kwanaki ba, kuma duk wanda na gani da buhu a kan tudu, a ƙasa na gan shi yana turawa. Ya cire wilin, ya kwance haƙoran sarƙa, ya zura sababbin sifok, sannan ya zauna yana juya wilin a hankali, babban yatsansa a jikin ƙarfen yana laluben inda ya karkace, yana ɗaure wannan yana sassauta wancan da ɗan makullinsa har wilin ya miƙe. A cikin kilo biyun kayan gyarana akwai sifana manya guda uku da babu ko noti ɗaya a jikin keken da suka yi wa daidai, amma babu sifok ko guda, wanda nauyinsa kusan na biro ne. Na sayi huɗu a wurinsa na ɗaure su da zare a jikin ƙarfen keken.

Kafin mu tafi ya sake mana ɗaurin da hannunsa. Ya saukar da tukunyar gas da jarkar ruwa zuwa jakunkunan gefe, can ƙasa kusa da tsakiyar wili, ɗaya a dama ɗaya a hagu don su yi daidai, ya naɗe bargo da shimfiɗa ya ɗaure su a gaba a ƙarƙashin kan keken. Ko kilo ɗaya bai ragu ba, amma da na hau sai na ji kamar wani keken aka canza mini, domin rawar kan ta tsaya. Masu yawon duniya a keke ma haka suke yi: abu mai nauyi a ƙasa, kuma a bai wa tayar gaba nata kason, kamar kashi biyu cikin biyar na kayan. Sai dai gyaran ɗauri ya magance mini rawa ne kawai, bai magance tudu ba. Tsakanin mararrabar da Riyom hanyar tana hawa tana sauka a hankali, kuma a kowane ɗan tudu ƙanina yakan wuce ni ya tsaya a sama yana jirana, yana cin dabinona.

Mun isa wajen Riyom bayan la'asar, muka tsaya muka kalli duwatsun nan da ke ɗore bisa juna, waɗanda ake cewa siffarsu ta yi kama da taswirar Jihar Filato. Duk wanda ya san halin da yankin nan ya shiga a shekarun baya ba zai kafa tanti a bayan gari ba tare da sanin kowa ba, saboda haka muka nemi mai unguwar wani ƙauye da ke bakin hanya, muka gabatar da kanmu, muka nuna katin shaida, muka ce, "Ranka ya daɗe, matafiya ne mu, wurin kwana ɗaya muke roƙo." Ya yi mana tambayoyi masu yawa, yawancinsu a kan dalilin da zai sa mai hankali ya bar mota ya hau keke, sannan ya nuna mana wani fili a cikin shingen gidansa. Ina cikin kiciniyar fito da tukunyar gas don in nuna wa ƙanina ranar tanadi, sai ga yarinya da kwano biyu na gwate mai zafi, an yi shi da acca da ganye. Na mayar da tukunyar inda take. Da safe kuma aka kawo mana dafaffen dankalin Turawa da shayi, don haka kilo bakwai na gas da kilo biyar na abinci suka kwana suka tashi ba a taɓa su ba.

Amma daren ya rama mini wani abu. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma duk ɗan garin ya san yadda sanyin hunturu yake a Disamba da Janairu ko a cikin ɗaki, balle a fili inda iska ke kaɗowa ba abin da ya tare ta. Ƙanina, da kilo taransa, zanen gado kawai ya ɗauko da wata rigar sanyi marar kauri, kuma bai kawo abin shimfiɗa ba. Wajen ƙarfe biyun dare na farka na ji haƙoransa suna haɗuwa. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikin mai kwana fiye da iska, shi ya sa wanda ya kwanta ba shimfiɗa yake shan wahala ko da ya lulluɓa. Na ba shi dadduma ya shimfiɗa, na fito da tufafin da na yi ta jin haushin nauyinsu ya jibga su a jikinsa, muka raba bargo ɗaya kamar lokacin da muke yara. Da gari ya waye ya kasa riƙe butar alwala da kyau saboda yatsunsa sun sandare, kuma bai sake yi mini maganar ƙaura ba. Rashin nauyinsa ashe a kaina ya jingina shi, domin tantin da ya kwana a ciki da bargon da ya rufa duk a kekena suke.

Hawan Kibo shi ne inda tudun Filato yake karyewa ya gangara ɗaruruwan mita zuwa ƙasa mai zafi, hanyar tana lanƙwasa a jikin duwatsu, kuma direbobin manyan motoci suna jin tsoronsa saboda yawan tsinkewar birki. Na ɗauka gangara hutu ce ga mai kaya, ashe nan nauyi yake nuna ɗaya fuskarsa. Da na saki birki na ɗan lokaci kaɗan sai keken ya fizge ni da gudun da ban taɓa yi ba, da na matse kuma sai na ga yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya saurara. Na koma riƙe birkin ba saki, wanda shi ne babban kuskure, domin irin birkin kekena yana matse ƙarfen wili ne, kuma duk nauyin da ake tarewa zafi yake komawa a jikin ƙarfen nan da tub yake kwance a kansa. Bayan lanƙwasa ta uku na ji warin roba, na tsaya a gefe na taɓa wilin baya, na janye yatsa da sauri kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta. Na ɗiga masa ruwa daga jarka na ji ya yi ƙara. Da na ci gaba a haka, tub ɗin na iya fashewa a tsakiyar gangara, ga tireloli suna biyo mu a baya da ƙaramar giya suna gurnani. Daga nan muka riƙa sauka kaɗan-kaɗan, ina matse birkin gaba da na baya da ƙarfi na ɗan lokaci sannan in saki, muna tsayawa wilin ya huce. Ƙanina bai tsaya don wilinsa ko sau ɗaya ba. Na taɓa nasa na ji ɗumi ne kawai.

Ruwan Assop ya yi kyau ko da yake rani ne kuma ya ragu, mun yi wanka mun wanke ƙura, mun kwana a wani gida kusa da hanya bayan neman izini kamar jiya. A can ƙasa babu sanyin da ya dame mu. Abin da ya hana ni barci shi ne dutsen da muka sauko, wanda nake hango duhunsa ta ƙofar tanti.

Da sassafe na yi taurin kai na fara hawan da kayana cif. Na sa giya mafi sauƙi, na miƙe tsaye a kan feda, kuma ban yi nisan da ya kai kilomita ɗaya ba numfashina ya ƙare, cinyoyina suka fara rawa, na sauka. Turawar ma ba sauƙi ba ce, domin keke mai kilo 49 a kan tudu yana neman komawa inda ya fito ne, sai ka kafa kafaɗa ka riƙe birki a duk lokacin da ka tsaya shan iska. Jiki magayi. Na zauna a kan dutse kusa da wasu mata masu sayar da ayaba da gyaɗa, na fito da ɗan littafin nan na awo, na fara bin kayan ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: tun da muka bar gida na taɓa wannan, kuma idan ban taɓa ba, rashinsa zai iya cutar da ni kafin in isa gari na gaba?

Shinkafa da taliya da mai da yawancin gwangwanaye, kilo uku da rabi, na miƙa wa wata dattijuwa a cikinsu, ta ce, "Ɗana, Allah ya kai ku lafiya," ta cika mini leda da ayaba, na ce biyu sun isa. Ruwa na rage shi zuwa lita uku, domin na lura cewa a kowane ƙauye akwai rijiya ko famfo ko mai ruwan leda, kuma ruwan alwala a duk inda muka tsaya sallah muna samu. Buta kawai nake buƙata, ita kuwa ba ta da nauyi. Tukunyar gas da rabin tufafin, kilo tara ke nan, na ƙulle su a buhu na tsayar da wata motar haya mai zuwa Jos, na biya direban kuɗin saƙo, na karɓi lambarsa na tura wa maƙwabcinmu ya karɓa a tasha. Bargo da shimfiɗa da rigar sanyi da kayan faci da famfo da sifok ban taɓa su ba, domin akwai sauran dare ɗaya a kan tudu idan tafiyar ta ƙi sauri. Abin da ya fita ya kama kilo goma sha biyar da rabi. Ƙanina ya karɓi ƙarafan tantin da turakunsa ba tare da na roƙe shi ba, kilo ɗaya da rabi, kayana suka tsaya a kilo 16, nasa suka haura goma.

A lissafi, abin da na sauke kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na jimillar nauyin da nake turawa, kuma a kan tudu mai tsauri, inda gudu ya yi ƙasa har iska ba ta da wani tasiri, saurin mutum yana ƙaruwa ne kusan daidai da yadda nauyinsa ya ragu. Wato hawan awa biyu zai ragu da kamar kwata ɗaya na awa ko fiye kaɗan, wanda a takarda ba wani abin kirki ba ne. Amma a ƙafa bambancin ya wuce haka nesa, saboda akwai wata iyaka da idan nauyi ya haura ta feda ba ta juyuwa sam sai dai a sauka a tura, idan kuma ya dawo ƙasa da ita mutum yana iya zama a sirdi yana juyawa sannu a hankali har ya kai. Kilo 33 ya jefa ni bayan wannan iyaka, kilo 16 ya dawo da ni cikinta. Iyakar kowa daban ce, gwargwadon ƙarfinsa da giyar kekensa da tsaurin tudun da ke gabansa, shi ya sa ba na yarda da wanda zai yanke wa kowa adadi ɗaya. Amma ga mai irin jikina, a hanyar da ƙauyuka ke jere kamar wannan, tsakanin kilo 14 da 18 har da ruwa ya wadatar a lokacin sanyi, kuma da zafi ana iya rage bargo. Wanda zai ratsa inda babu gari na yini guda dole ruwansa da abincinsa su ƙaru, kuma shi ne ya kamata ya fi kowa tsananta wa sauran kayan.

Mun hau Hawan Kibo a kan sirdi, da tsayawa sau biyar, tireloli suna wuce mu da tafiyar da ba ta fi tamu sauri sosai ba, yaran mota suna ɗaga mana hannu suna dariya. Muka iso saman tudu iska mai sanyi ta sake dukan fuskarmu, muka sha shayi da burodi da ƙwai a Riyom, kuma tunda ƙafa ta samu sauƙi muka yanke shawarar wucewa gida a ranar. A Mararrabar Jama'a na tsaya wurin dattijon nan mai gyara don ya duba mini wilin. Ya kama sirdin da hannu ɗaya ya ɗaga bayan keken, ya juya wilin ya ga bai karkace ba, ya ajiye, ya tambaye ni ina tukunyar. Na ce ta riga mu zuwa Jos a mota. Ya ce ita ce ta fi mu wayo, sannan ya karɓi manyan sifana ukun nan da na miƙa masa ya jefa su cikin akwatin aikinsa.